Safar Ruwa Da Dunƙulen Dalma: Yadda Ake Kamun Kifi A Tsakiyar Teku

 Ina fatan ana ta fama da karatu, musamman ku 'yan ajin ƙarshe da jarrabawar WAEC da NECO ke jiranku a bakin ƙofa. Allah Ya ba da sa'a.

Akwai wata tambaya da ba ta ƙarewa a ajin lissafi da na Fiziks: wai shin ina amfanin sayin da kosayin ɗin nan, da su Dokar Boyil, in mutum ya bar makaranta? A wannan makon zan kai ku inda ake cin abinci da su. Wurin ya yi mana nisa ƙwarai, domin yawancinmu ba mu taɓa ganin teku da idonmu ba, sai a talabijin ko a waya. Za mu shiga manyan jiragen kamun kifi na gaɓar Amurka da Kanada da Japan, mu duba wasu kayan aiki guda biyu da masuntan can ke ji da su. Na farko wani buhu ne na yadi da ake jefawa cikin ruwa. Na biyu kuma dunƙulen dalma ne da ke reto a jikin waya. In ka gan su a ajiye a kan jirgi ba za ka ba su wata daraja ba, amma kowannensu darasi ne guda a cikin littafin da ke jakarku.

Masunci a tsakiyar teku yana da matsala biyu da masuncin kogi bai cika damuwa da su ba. Ta farko, jirgi ba ya tsayawa wuri ɗaya. Ta biyu, koto ba ya son nitsewa zuwa inda kifin yake.

Mu fara da ta farkon. In direban mota ya taka birki, taya ce ke kama ƙasa. Jirgin ruwa ba shi da ƙasar da zai kama. In aka kashe inji, iska ce za ta ɗauke shi ta yi ta tura shi, kuma gwargwadon girman jirgi gwargwadon yadda iska ke samun wurin dafawa, saboda dogon gefensa da ɗakin matuƙi duk sun zama kamar bango a gabanta. Wani zai ce ai sai a jefa anka, wato ƙaton ƙarfen nan mai ƙugiyoyi da ke kama ƙasan ruwa. Haka ne, amma a inda ruwa bai yi zurfi ba. Ƙa'idar matuƙa ita ce igiyar anka ta ninka zurfin ruwa kamar sau biyar zuwa bakwai, don ta kwanta ta ja ƙarfen a kaikaice ya kama ƙasa sosai. To, a wurin da zurfinsa ya kai mita 500, ana maganar igiya mai tsawon kilomita biyu da rabi ke nan, ko fiye. Matsakaicin zurfin tekunan duniya kuwa ya kai wajen mita 3,700. Wa zai ɗauki wannan igiya, wa kuma zai naɗe ta?

Sai masu dabara suka ce, tunda ba za a iya kama ƙasa ba, a kama ruwan kansa. Masu jin Turanci suna kiran abin da sunan safa, irin ta ƙafa, saboda siffarsa, don haka mu ma bari mu ce mata safar ruwa. Buhu ne na yadin nailan mai ƙarfi, bakinsa na gaba yana da faɗi, yana tafiya yana tsukewa kamar mazurari, a ƙarshensa kuma akwai 'yar ƙofa da ruwa ke fita. Ana ɗaura ta da igiya a jikin jirgi a jefa. Da iska ta fara jan jirgin, sai safar ta buɗe baki ta cika da ruwa ta yi ta turjiya a baya, kamar akuyar da ake ja zuwa kasuwa. 'Yar ƙofar bayan nan ba ado ba ce. Ruwan da ke zurarewa ta cikinta shi ke sa safar ta tsaya sosai, ba ta yi ta jujjuyawa tana murɗe igiya ba.

Me ya sa ɗan yadi zai iya riƙe ƙaton jirgi? Amsar tana cikin nauyin ruwa. Mita ɗaya tsawo, ɗaya faɗi, ɗaya zurfi na ruwan teku ya kai kilo 1,025. Iska mai wannan girman kuwa ba ta wuce kilo ɗaya da ɗan ɗoriya ba. Ruwa ya ninka iska nauyi fiye da sau 800 ke nan. Saboda haka ɗan ƙaramin yadi a cikin ruwa yana iya ja-in-ja da babban bango a cikin iska. Na zauna na yi wani ɗan lissafi na kintace: safar da faɗin bakinta ya kai mita ɗaya da rabi, in jirgi yana janta da gudun rabin mita a daƙiƙa, turjiyarta ta yi kusan nauyin kilo 25. In gudun ya ninka ya zama mita ɗaya a daƙiƙa, kada ku ce kilo 50. Kusan kilo 100 ne, buhun masara guda. Dalili shi ne turjiyar ruwa tana ƙaruwa da gudu sau gudu: ka ninka gudu sau biyu ta ninka sau huɗu, ka ninka sau uku ta ninka sau tara. Wannan ne ya sa safar ruwa ta zama birki mai hankali. In iska ta yi laushi, ita ma ta sassauta. In iska ta taso, ta ƙara ƙwanji ba tare da kowa ya taɓa ta ba.

Ga wani abu da nake so ku tsaya ku yi tunani a kansa, don nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Safar ruwa tana yaƙi da iska ne kawai, ba ta yaƙi da gudun ruwa. Teku ma yana da koguna a cikinsa. A gaɓar jihar Fulorida ta Amurka akwai wani babban gudun ruwan ɗumi da ke tafiya arewa, wanda a wasu wurare saurinsa kan kai kilomita 7 zuwa 8 a awa. In ka jefa safa a cikinsa, ita da ruwan da ke cikinta da jirginka duk tare za ku yi arewa. Abin da ta yi shi ne ta ɗaure ka a jikin ruwan, ta hana iska raba ku. Kuma abin da masunci ke so ke nan, domin kifin da kotonsa duk a cikin wannan ruwan mai tafiya suke. In jirgi da ruwa suna tafiya da gudu ɗaya, zaren fatsa zai sauka a miƙe. In iska tana jan jirgi fiye da ruwa, sai zaren ya karkace, koto ya taso sama ya bar kifi a ƙasa. Wanda ya gane darasin gudun abu idan aka gwada shi da wani abu mai gudu, ya gama gane wannan.

Manyan jirage ba sa wasa da ƙaramar safa. Nasu kamar laimar da sojojin laima ke sauka da ita daga jirgin sama take, faɗinta mitoci da yawa, ana ɗaura ta a goshin jirgi. Jiragen Japan da Koriya da Sin masu kamun sikwid, wata halittar teku mai hannuwa goma da ke fesa baƙar tawada in ta tsorata, da irin wannan laima suke aiki. Da dare sai su jefa ta, su kunna jerin fitilu masu tsananin haske don su jawo sikwid ɗin, injuna kuma su yi ta saukar da zaruruwa suna ɗagowa. Zaruruwan suna da yawa, jere a gefe biyu na jirgi. Da iska za ta riƙa jan jirgin yadda ta ga dama, da sun cukurkuɗe cikin minti kaɗan. Hasken waɗannan jirage har daga sararin samaniya ana ganinsa. Akwai hotunan da taurarin ɗan'adam suka ɗauka da dare a tekun da ke tsakanin Japan da Koriya, da kuma gefen ruwan Ajantina, inda za ka rantse wani birni ne ya tsiro a tsakiyar ruwa.

Ɗaura ta a goshi yana da wani amfanin da ya wuce kifi. Jirgin da injinsa ya mutu yakan juya ya ba raƙuman ruwa gefensa, kuma ta gefe ne taguwa ke kifar da jirgi. Laimar da ke goshi tana riƙe hancinsa ya fuskanci iska da taguwar, ya riƙa hawa yana sauka a kansu. Shi ya sa ake sanya ƙaramar irinta a cikin kwale-kwalen ceto na roba da manyan jirage ke ɗauke da su. Haka kuma akwai ganganci a cikin aikin. In aka ɗaura ta a bayan ƙaramin jirgi alhali teku ya yi fushi, taguwa za ta riƙa afkowa ta baya inda bango ya fi gajarta. In kuma aka manta da ita aka ta da inji, igiyar ta naɗe farfela, an shiga uku. Ɗago ta ma sai da dabara, tunda ba mai iya jawo tan guda na ruwa da hannu. Akwai wata siririyar igiya ta biyu da ake ɗaurawa a wutsiyarta. Ita ake ja, sai safar ta juyo ta baya, ruwan ya zube, ta taho a saɓule kamar tsumma.

To, mun tsayar da jirgi. Saura mu kai koto ƙasa.

Duk wanda ya taɓa wanka a dam ko babban kududdufi da rana ya san wani abu: saman ruwan da ɗumi, amma in ka miƙa ƙafa ƙasa sai ka ji sanyi ya kama ta. Haka teku yake, sai dai a babban sikeli. Rana tana ɗumama saman, ruwan ɗumi kuma ya fi na sanyi rashin nauyi, don haka yake zama a sama kamar mai a kan miya. A tsakaninsu akwai wani tsagi inda zafi ke faɗuwa da sauri cikin 'yan mitoci. Ni ina kiransa katangar sanyi. Kowane irin kifi yana da zafin da jikinsa ke so. Kifin samon, misali, ya fi walwala a ruwan da bai wuce digiri 10 zuwa 13 ba a ma'aunin Salshiyas. Ƙananan kifayen da manya ke ci su ma sukan taru a kusa da wannan katanga. Masuncin da kotonsa ke yawo mita 20 a saman inda kifi yake, wanka kawai yake yi wa koton.

Matsalar kuma ita ce irin wannan kamun ba a tsaye ake yinsa ba. Jirgi yana tafiya a hankali, kamar kilomita 3 zuwa 6 a awa, yana jan koto a baya don ya yi kama da ƙaramin kifi mai iyo. Da zarar jirgi ya motsa, turjiyar ruwan nan da ta taimake mu ɗazu sai ta zama abokiyar gaba, ta ɗago zare da koto zuwa sama. Kana iya ɗaura dalma a zaren, kamar yadda masuntanmu ke sa dalma a bakin birgi don ya nitse. Amma dalmar da za ta kai koto mita 40 alhali jirgi na tafiya tana da nauyin da in kifi ya kama, ba ka san da wa kake kokawa ba, da kifin ko da dalmar.

Na'urar da ta warware wannan sunanta a Turanci dawunriga. In Bahaushe ya ji sai ya ɗauka ɗan riga aka ce, alhali ko hannun riga babu a ciki. Ga yadda take. Ana kafa wani manaɗi a gefen jirgi ko a bayansa, an naɗe masa siririyar wayar ƙarfe wadda ba ta tsatsa, tsawonta yawanci mita 60 zuwa 120. Daga manaɗin akwai hannu na ƙarfe kamar mita ɗaya ko fiye da ya leƙa waje, da 'yar kura a bakinsa, kamar dai ta rijiya. A ƙarshen wayar ana rataya dunƙulen dalma mai nauyin kilo 4 zuwa 7. A kusa da dunƙulen kuma akwai wani ɗan hantsaki mai baki irin na abin maƙale shanya. Masunci zai saki kotonsa a bayan jirgi da sandar fatsarsa ta yau da kullum, sai ya maƙale zaren a bakin hantsakin, ya saki dalma ta yi ƙasa da shi. A jikin manaɗin akwai ɗan agogo mai ƙirga tsawon wayar da ta fita. Ya kai inda yake so, ya ɗaure, ya ɗame zaren har sandar ta lanƙwasa kamar baka.

Duk hikimar tana cikin hantsakin nan. An daidaita shi ya riƙe zare daidai yadda turjiyar ruwa ba za ta fizge shi ba, amma fizgar kifi za ta fizge. Kifi na cafkar koto sai zaren ya suɓuce, sandar da ke lanƙwashe ta miƙe fit, kowa a jirgi ya san an kama. Daga nan masunci da kifinsa ne kawai a kan zare, dalma tana can a wayarta, a naɗe ta daban. A manyan jirage injin lantarki ne ke naɗewa, ya tsaya da kansa in ta iso saman ruwa. Wato an raba aiki biyu: waya mai ƙarfi ta ɗauki nauyi, zare mai laushi ya ɗauki kifi. A ganina wannan ita ce irin dabarar da ta cancanci a kira ta injiniyanci, don ba wani abu mai tsada aka ƙirƙiro ba, tunani ne aka gyara.

Masu kamun samon na kasuwanci a gaɓar Tekun Fasifik, daga Kalifoniya zuwa Alaska, sun daɗe suna saukar da manyan dalmomi masu kilo 20 ko fiye a kan wayoyin ƙarfe, da ƙugiyoyi jere a jiki. Amma abin da ya yaɗa ƙaramar na'urar a hannun jama'a ya faru ne a wani tafki, Tafkin Mishigan na Amurka, wanda faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 58,000, zurfinsa kuma mita 281 a inda ya fi zurfi. Tafki ne a suna, amma in ka tsaya a bakinsa ba ka hango ɗaya gaɓar. A tsakiyar ƙarnin da ya wuce manyan kifayen tafkin sun kusa ƙarewa, saboda yawan kamu da kuma wata halitta mai kama da maciji da ke manne musu tana shan jininsu. Da manya suka tafi, sai wani ƙaramin baƙon kifi ya cika tafkin, har ya riƙa mutuwa da kansa yana taruwa a gaɓa yana wari. Shugaban sashen kifi na jihar Mishigan a lokacin, Howard Tanner, ya kawo shawarar a ɗauko samon daga yammacin ƙasar a zuba, su cinye ƙananan. An samo ƙwai daga jihar Oregon, aka saki 'ya'yan a 1966. A kakar 1967 suka dawo manya-manya, mutane suka yi ta tururuwa da kowane irin kwale-kwale. Ranar 23 ga Satumba na shekarar guguwa ta taso ta same su a kan ruwa, ta kifar da jirage masu yawa, aƙalla mutum bakwai suka rasu. Da yawansu ba su san babban ruwa ba, zumuɗin kifi ne ya kai su.

Bayan wannan zumuɗi ne aka gane cewa da zafi ya shigo, samon sai ya gangara ƙarƙashin katangar sanyi, inda fatsar gargajiya ba ta kaiwa. Nan kasuwar dawunriga ta buɗe. Yau kamfanoni irin su Cannon da Big Jon a Amurka da Scotty a Kanada sun yi suna da ita, kuma ta koma teku: ana kamun samon da ita a kewayen Tsibirin Bankuba, ana kamun manyan dangin kifin da muke kira taitus da ita a gaɓar kudu maso gabashin Amurka.

Yanzu ga inda kosayin ya shigo. Agogon manaɗi yana faɗa maka tsawon wayar da ta fita ne, ba zurfin da dalma take ba. Da jirgi na tafiya, ruwa yana tura waya da dalma baya, sai wayar ta karkace. Ku zana shi a takarda: wayar ita ce dogon gefen alwatika, zurfin shi ne gefen da ke tsaye. In an saki mita 100 kuma wayar ta karkace da digiri 30 daga tsaye, zurfin shi ne 100 sau kosayin 30, wato kusan mita 87. In ta karkace da digiri 45, ya koma kusan mita 71. Mita 29 sun tafi a banza, kusan tsawon bene mai hawa tara ko goma. A zahiri ma wayar ba a miƙe take ba, lanƙwasa take yi kamar baka, don haka wannan lissafi kusantarwa ce kawai. Matuƙin da bai san da wannan ba zai yini yana rantsuwa kotonsa na mita 100, kifi kuma na can ƙasa yana hamma.

Maganin karkacewar uku ne: a ƙara nauyin dalma, a sa waya mafi siranta, ko a rage gudu. A nan ne kayan namu biyu suke haɗuwa. Babban jirgi mai ƙaton injin dizal yana da wata matsala mai ban dariya, ba ya iya tafiya a hankali. Ko an sassauta inji iyakar sassautawa, gudunsa ya fi abin da ake so. Sai a ɗaura safar ruwa guda biyu, ɗaya a kowane gefe daga tsakiyar jirgi, da gajeriyar igiya yadda ba za su kai ga farfela ko wayoyin da ke baya ba. Inji yana turawa, safa tana riƙewa, gudu ya sauko. Kuma tunda turjiya da gudu sau gudu take tafiya, ɗan ragin da aka yi sai ya miƙar da wayar sosai. Dokar da ta sa safa ta yi aiki ita ce dai ta karkatar da waya, kuma da ita aka gyara.

Yaya ake sanin zurfin da kifi yake tun farko? Da amsa-kuwwa. Akwai na'ura a ƙarƙashin jirgi da ke aika sauti ƙasa ta saurari dawowarsa. Sauti yana gudun kusan mita 1,500 a daƙiƙa a cikin ruwan teku, fiye da ninki huɗu na gudunsa a iska. In ya je ya dawo cikin kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa, ya yi tafiyar mita 150, zuwa da dawowa, abin da ya tare shi yana mita 75 ke nan. Wannan raba biyun shi ne abin da ɗalibai ke mantawa a jarrabawa. A allon na'urar ana ganin garken kifi, sau da yawa har da dunƙulen dalmar kansa yana jan layi, wani lokaci ma da katangar sanyin.

Kada kuma ku ɗauka dawunriga tana kaiwa ƙasan teku. Iyakarta saman-saman ne, mita ɗari ko ƙasa da haka. Kifi mai takobi, wanda ke yini a zurfin mita 500 ko fiye ya taso sama da dare, sai da wasu kayan daban ake nemansa da rana. Kuma na'urar tana da nata haɗarin: in dalma ta maƙale a dutse jirgi na tafiya, wayar tana iya fizge manaɗin daga jikin jirgi, ko ta karkatar da ƙaramin jirgi. Shi ya sa ake barin birkin manaɗi da ɗan sassauci, a kuma ajiye almakashin yanke waya kusa da hannu.

Akwai wani ɓangare da ba na jin daɗinsa, kuma bai kamata in ɓoye muku ba. Da can zurfi shi ne mafakar kifi. Yanzu ga na'urar da ke nuna inda yake, ga wadda ke kai masa ƙugiya har bakinsa. Ƙasashen da ake wannan sana'a sun sa dokoki, an ƙayyade yawan da mutum zai kama da girman da ya halatta, ƙarami a mayar da shi ruwa. Sai dai mayarwar ma ba ta da sauƙi, kuma Dokar Boyil ce dalili. Duk mita 10 da ka nitse, matsin ruwa yana ƙaruwa da kwatankwacin matsin iskar da ke kanmu a nan doron ƙasa. A mita 30, matsi ya ninka na sama sau huɗu. Yawancin kifaye suna da wata jakar iska a ciki da ke taimaka musu su tsaya a zurfin da suke so. Robert Boyle ya nuna tun 1662 cewa in matsi ya ragu, iska tana kumbura daidai gwargwado. Kifin da aka fizgo daga mita 30 zuwa sama, iskar cikinsa tana neman ninka girmanta sau huɗu. Sai ka ga idanunsa sun firfito, tumbinsa ya leƙo ta baki. In aka jefa shi ruwa a haka ba ya iya nitsewa, yana nan yana yawo a sama kamar balan-balan har tsuntsaye su gama da shi. Wasu daga cikin kifayen duwatsun Tekun Fasifik da wannan ke shafa suna rayuwa fiye da shekara 100. Ka yi tunanin kifin da ya girmi kakanka ya mutu a haka, kuma ba don za a ci shi ba.

Maganin da aka samo shi ne a mayar da shi zurfin da sauri, matsi ya sake matse iskar. Akwai wani ɗan hantsaki na musamman da ke kama leɓen kifin, a saukar da shi da nauyi, in ya kai zurfin da aka saita ya buɗe da kansa. A watan Janairun 2022 doka ta wajabta wa masu kamun kifayen duwatsu a ruwan tarayyar Amurka na Mashigin Meziko su riƙe irin wannan na'ura, ko allurar fitar da iska, a shirye cikin jirgi. A jiragen da ke da dawunriga, sau da yawa a jikin dunƙulen dalmar nan ake maƙala hantsakin, a saukar da kifin da wayar da aka saba saukar da koto.

Mu ma muna da teku, ko da yake ya yi wa Arewa nisa. Gaɓar Nijeriya ta kai kusan kilomita 850, kuma katangar sanyin nan tana aiki a ruwan Afirka ta Yamma kamar ko'ina. A gaɓar Gana da Kwaddibuwa, daga Yuli zuwa Satumba, ruwan sanyi na ƙasa yana tasowa sama ɗauke da abincin ƙananan halittu, kuma lokacin ne kakar kifin sadin a can. Wanda wannan fanni ya burge shi, akwai Cibiyar Binciken Teku ta Nijeriya da Kwalejin Tarayya ta Kifi da Fasahar Teku a Legas, akwai Makarantar Koyon Aikin Jiragen Ruwa a Oron ta jihar Akwa Ibom, sannan kusa da gida akwai cibiyar binciken kifin ruwan daɗi da kwalejinta a Sabuwar Bussa, bakin Tafkin Kainji. Duk da Fiziks da lissafi da Bayoloji ake shigarsu.

Ga aikin gida, ku gwada kafin mako mai zuwa. Na'urar amsa-kuwwa ta aika sauti, ya bugi garken kifi ya dawo cikin daƙiƙa 0.08. Wayar dawunriga tana karkace da digiri 30 daga tsaye. In muka ɗauka wayar a miƙe take, mita nawa matuƙi zai saki don dalmarsa ta yi daidai da kifin? Ku rubuto amsa da yadda kuka bi kuka same ta, tare da sunan makarantarku da ajinku. Sai mun haɗu.